Ƙarin ruwa da ciwon sukari: Aikin da hanji ke yi

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi a jihar Katsina, majinyata da dama ba sa ganin an yi musu magani sai an rataya musu ledar ƙarin ruwa. Wasu ma kan ɗauka cewa ledar ta maye gurbin abinci. Ga mai ciwon sukari, musamman wanda bai san yana da shi ba, wannan zato na da haɗari.

Lita ɗaya ta ruwan da ke da kashi 5 cikin ɗari na sukari tana ɗauke da giram 50, wato kimanin ƙananan cokula 12, kuma kai tsaye yake shiga jini.

Tun a 1964 masu bincike suka gano cewa sukarin da aka sha ta baki ya fi sa jiki fitar da sinadarin insulin, idan aka kwatanta da wanda aka ɗura ta jijiya. Dalili kuwa shi ne hanji na aika saƙo idan abinci ya iso shi. Jijiya ba ta yin haka.

Akwai kuma ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Abincinsu shi ne dusa da harzar da ciki ba ya iya narkarwa, irin ta gero da dawa da wake da kuka. Su kuma sai su samar da wasu sinadarai masu ƙarfafa wancan saƙo. Wani bincike da aka yi a Sin, wanda mujallar Science ta buga a 2018, ya nuna cewa irin wannan abinci ya rage sukarin jinin masu cutar. Idan hanji ya daɗe babu abinci, ƙwayoyin kan ragu.

Shi ya sa ko a manyan asibitocin Turai da Amurka, inda ake iya ciyar da majinyaci kacokan ta jijiya, likitoci sun fi son bi ta hanji muddin yana aiki.

Ba wai ƙarin ruwa ba shi da amfani ba ne; yana ceton rai a lokacin amai da gudawa. Matsalar ita ce ɗura shi a gida ko a kemis ba tare da an auna sukari ba, a ƙasar da Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 na fama da cutar. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kuma bai kai minti ɗaya ba.