Ra'ayinmu: Gwiwa ba buhun gero ba ce, a bar soka mata allura cikin kasuwa

Kwanan baya, a cikin shirin rediyon da muke gabatarwa, wata baiwar Allah mai sayar da albasa da kayan miya a babbar kasuwar Tawa ta bugo mana waya da wata tambaya. Ta ce shekara shida ke nan gwiwarta ta hagu tana cinta, in ta zauna bisa tabarma sai an kama ta sannan ta tashi, salla ma a zaune take yi. Ɗanta da ya tafi bida Abijan ya aiko mata wani hoton bidiyo ta WhatsApp, inda ake nuna wata allurar ruwan sukari da aka ce tana ɗinke jijiya ta mai da gwiwar tsohuwa ta budurwa. Ɗaukar adashinta ta matso, shi ya sa take so mu gaya mata inda ake yin allurar ta je. Da muka ƙara tambayarta, sai ta ce dama kusan kowace Lahadi akwai mai jaka da ke yi mata allura a bayan rumfuna, ba ta san sunan maganin ba, ta dai san tana samun kwana uku na sauƙi.

Amsar da muka ba ta a gurguje ita ce muke son mu shimfiɗa yau, domin mun san ba ita kaɗai ba ce. Matsayinmu a fili yake: allurar gaɓa aikin likita ne a cikin asibiti, kuma ita wannan ta ruwan sukari har yanzu masana ba su tabbatar da ita ba yadda mace za ta karya jarinta dominta.

Babu mai musun cewa ciwon gaɓɓai ya yi yawa a ƙasar Adar. Ƙasa ce ta dutse da hawa da gangara, rijiyoyinta na da zurfi, kuma nauyin gida bisa kan mata yake, tunda maza da yawa suna can ci-rani. Tun daga Barmu da Kalfu har Takanamat da Abalak, mace ce ke jan guga, ita ke daka, ita ke ɗauko itace, ga goyo a baya. Iyayenmu da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, da kansu suka yi ta jidar duwatsu, yau kuma jiki yana faɗa musu. Ɗan dako da ya shekara ashirin yana sauke buhunan albasa a tasha, da tela da ke taka keke, da mai tuyar ƙosai da ke duƙe tun asuba, duk labarinsu ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 528 ne ke fama da ciwon zaizayewar gaɓa a duniya, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa. Inda masu ciwo suka yi yawa haka, masu neman kuɗi da ciwon ba za su yi kaɗan ba.

To mece ce wannan allura? Likitoci suna kiranta furoloterafi. Wani likitan fiɗa na Amurka mai suna George Hackett ne ya yaɗa ta a shekarun 1950. Ana haɗa ruwan sukari irin na asibiti mai kauri, sau da yawa kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari, da maganin kashe zafi, a soka a inda jijiya ta kama ƙashi ko a cikin gaɓar kanta. Tunanin masu yinta shi ne a tsokani wurin da gangan ya ɗan kumbura, wai jiki zai aiko da masu gyara su ƙarfafa jijiyar da ta saki. Ba sau ɗaya ake yi ba. Akan maimaita kamar sau uku zuwa shida, wata-wata, kuma a zama guda ana iya soka wurare da yawa, mutum ya yi kwanaki yana jin zafin da ya fi na da.

Shekara saba'in ke nan ana yinta, amma gardama ba ta ƙare ba. A 2004 an gwada ta a Ostareliya bisa mutum 110 masu ciwon baya, aka yi wa wasu ta sukari, wasu ta ruwan gishiri zalla, duka suka samu sauƙi kusan daidai da juna. A 2007 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci, ta duba gwaje-gwaje biyar ta ce allurar ita kaɗai ba ta nuna tana maganin daɗaɗɗen ciwon baya ba. Ta ɓangaren gwiwa akwai ɗan haske: a 2013, a jihar Wisconsin ta Amurka, an raba mutum 90 gida uku, bayan shekara guda waɗanda aka yi wa ta sukari suka fi sauran samun sauƙi. Amma mutum 90 ba su isa a yanke hukunci ba, shi ya sa a 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a ɗauke ta a matsayin maganin zaizayewar gwiwa ko ƙugu. Asusun gwamnatin Amurka mai biya wa tsofaffi kuɗin magani ma ba ya biyanta. Kuma ko a gwajin da ya yabe ta, raguwar zafi aka gani. Ba a ce tsohuwar gwiwa ta koma sabuwa ba.

Ƴan kasuwa sun fi kowa gane wannan lissafi. Hajar da masu ita suka shekara saba'in suna gardama a kan ingancinta, wa zai zuba mata uwar kuɗi daga ganin hoto a salula? Cinikin biri a sama ke nan. In an ce sai an je Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 500, ko a ƙetara iyaka, a haɗa kuɗin mota da masauki da rufe rumfa sau huɗu ko biyar, a ga abin da zai rage na jari.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a maganar wannan baiwar Allah shi ne allurar ranar Lahadi. Allurar da ke kashe ciwon gaɓa nan take, galibi ɗaya daga cikin biyu ce. Ko dai maganin kashe zafi irin su dikulofenak, wanda yawan shansa ko allurarsa ke kawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, ko kuma dangin kotizon irin su dekisametazon, wanda wasu ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Shi kotizon magani ne na gaske a hannun likita, yana da ƙa'ida da iyaka. In aka mai da shi na kowane mako, sai ya tayar da ciwon sukari da hawan jini, ya kumbura fuska, ya sa ƙashi ya yi taushi. A 2017 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Boston bisa mutum 140: waɗanda aka riƙa yi wa allurar kotizon a gwiwa duk wata uku har shekara biyu, guringuntsinsu ya fi cinyewa, zafin kuma bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri raguwa ba. Wannan a asibiti ke nan, cikin tsafta. Ina ga bayan rumfa, cikin ƙura da ƙuda?

Cikin gaɓa wuri ne rufaffe. Ƙwayar cuta ta shiga ta bakin allura, cikin ƴan kwanaki sai gwiwa ta cika da mugunya, ta lalace har abada, wani lokaci ma cutar ta bi jini ta yi kisa. Allurar ɗuwawu da aka kuskure wuri tana taɓa babbar jijiyar ƙafa ta shanye ta, kuma a garuruwanmu akwai masu jan ƙafa ta wannan dalili. Allura ɗaya ga mutum biyu kuwa hanya ce ta ciwon hanta da sida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2010 kaɗai mutane har miliyan 1.7 sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta allurar da ba ta da tsafta. Ga kuma matsalar jabu. Hukumar ta bayyana a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Mu ƴan Nijar ba labari za a ba mu ba, domin a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane fiye da 50,000 rigakafin jabu, aka rasa rayuka 2,500. Yau in aka ji ana neman allurar ruwan sukari, gobe wani zai jiƙa sukarin shayi ya ɗura a kwalba. Garin neman gira a rasa ido.

Ba mu ga laifin mai ciwo ba. Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mace tana zuwa wurin mai jaka ne don yana kusa, yana ba da bashi, ba ya tsawa, kuma ba ta rasa cinikin yini. Asibiti kuwa sai layi, sai kuɗin kati, sai takardar magani mai tsawo. Amma akwai abin da mai jaka ba zai taɓa iya yi ba, wato gane asalin ciwon. Ba duk ciwon gaɓa ne sanyi ba. Ciwon baya mai tafe da rama da zufar dare yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kuma yana da magani. Ciwon ƙugu ga saurayi ko budurwa yana iya zama sikila. A arewa inda ake shan madarar da ba a tafasa ba, akwai cutar dabbobi mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. Allurar kashe zafi rufe waɗannan take yi har su yi nisa. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi da ja, ga zazzaɓi, ranar nan za a kai ta asibiti, ba sai kasuwa ta watse ba.

Abin da likitoci suka haɗu a kai game da zaizayewar gwiwa ba shi da tsada, sai dai yana son haƙuri. Na farko motsa jiki da ƙarfafa naman cinya: a zauna bisa kujera, a miƙe ƙafa, a riƙe, a sauke, safe da yamma. Na biyu rage ƙiba ga mai ita, domin an auna an ga kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sai sanda a hannun da ke ɗaya gefen, da kujera mai ɗan tsawo a rumfa maimakon duƙo, da raba babban kaya gida biyu ko a sa a baro. Maganin shafawa na farmasi ya fi na haɗiya sauƙin illa. In duk wannan bai isa ba, ma'aikacin lafiya na unguwa zai tura mutum babban asibitin jaha na Tawa, ga kuma asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Idan likita ya ga allura ta kamata, shi zai yi da hannunsa. Ko a can ɗin, haƙƙin majinyaci ne ya tambayi sunan maganin, da sau nawa za a yi, da kuɗinsa gaba ɗaya, ya kuma ga an ɓare sabuwar allura a gabansa. Mai sayen atamfa yana duba gefenta, balle mai miƙa gwiwarsa.

Muna kira ga hukumar lafiya ta jahar Tawa da magadan gari. A Janairun 2020 Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka ɗauki alkawari a Lome na hukunta masu fataucin maganin jabu. Alkawarin ya kamata a gan shi a kasuwar Lahadi. Sai dai kamun masu jaka kaɗai ba zai wadatar ba, matuƙar babu inda matan za su koma. A ware rana a asibitocin unguwa domin masu ciwon gaɓɓai, a koya wa ma'aikata motsa jikin da za su nuna wa jama'a, a kai masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai asibitocin gundumomi irin su Keita da Abalak da Cintabaradan. Shugabannin ƴan kasuwa da iyayen adashi su hana a mai da bayan rumfunansu ɗakin allura. Mu ma masu rediyo da jarida sai mu gyara namu, domin duk tallar maganin da ke warkar da ciwo arba'in ta bakinmu take shiga gidaje. Kuɗin talla ba su kai ƙafar mai saurare ba. Ƴan bida kuma, kafin ku aiko wa mahaifiya bidiyo ko kwalin magani, ku aiko kuɗin ganin likita, shi ya fi.

Ita wadda ta bugo mana waya, ga shawararmu: Hajiya, ki ɗauki adashinki ki ƙara a jari, ki cire kaɗan ki je a duba gwiwar a san abin da ke cikinta, ki sayi kujera mai tsawo, ranar Lahadi kuma in mai jaka ya zo ki gaishe shi ya wuce. In wata rana bincike ya tabbatar da allurar ruwan sukari, likitocinmu suka kawo ta asibiti, a wannan shafi za ki fara karantawa. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, amin.