Duwatsun Jinginar Gona a Atina

A ƙasar Atina ta tsohuwar Girka, sama da shekara dubu biyu da suka wuce, idan mutum ya jinginar da gonarsa akan kafa dutse a bakin iyakarta. A jikinsa a sassaƙa 'yan kalmomi: gonar nan jingina ce, ga mai bin bashi, ga yawan kuɗin. Rubutun ba shi da kyau, dutsen kuma ko gyara shi ba a cika yi ba. Masana sun daɗe suna tono irinsu, amma hankalinsu na kan waƙoƙin Homa da yaƙe-yaƙen manya.

Masanin tarihi Moses Finley ne ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kimanin guda 200. An haife shi a New York a 1912, ya gama digirin farko a Jami'ar Syracuse yana ɗan shekara 15, sannan ya karanta shari'a a Columbia. Ina ganin wannan karatun shari'a ne ya buɗe masa ido, domin tambayar alƙali ya yi wa duwatsun: wa ya ci bashin, me ya kai shi, me ya ajiye? Amsar da ya fitar a littafinsa na 1952 ta girgiza abin da aka saba ɗauka. Yawancin masu jinginar ba talakawa ba ne, masu hali ne. Kuma ba don su ƙara noma ko su ja jari suke ci ba. Hidimar mutunci ce ke kai su. Wani dutsen ma lamuni ne kawai: ango ya karɓi dukiyar da iyayen amarya suka haɗo ta da ita, sai ya ajiye gonarsa a madadinta, ko da aure zai mutu. Wani kuma na dukiyar marayu ne da aka ba wani ya juya.

A shekarar da littafin ya fito aka kori Finley daga Jami'ar Rutgers. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ya tambaye shi ko ya taɓa zama ɗan kwaminis, ya ƙi amsawa, tsarin mulki kuwa ya ba shi wannan dama. Wannan zalunci ne, ba ni da wata kalma. Ya ƙaura Ingila, Jami'ar Kambirij ta karɓe shi a 1955, ya zama farfesan tarihin dā a 1970, aka ba shi lambar Sir a 1979.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duwatsun. Mu ma mun san jinginar gona, mun kuma san abin da ke jawo ta: kayan ɗakin 'ya, jinya, fitar kunya. Na taɓa ganin wata takardar jingina a cikin adakar kakana, da ajami, tawadar ta koma ruwan ƙasa, an naɗe ta cikin tsumma tare da laya. Sunayen shaidu uku ne a ƙasanta. Babu wanda ya ɗauke ta a matsayin tarihi, domin a wurinmu tarihi shi ne jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a gadon mulki. Alhali irin waɗannan takardu, da littattafan kotunan alƙalai da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, su ne za su faɗa mana yadda kakanninmu suka ci bashi, suka yi aure, suka raba gado. Ɗalibanmu na tarihi su je su zauna da su, da haƙurin da Finley ya yi.

Ya rasu a Kambirij a watan Yunin 1986, kwana ɗaya bayan rasuwar matarsa Mary. Masana da dama sun ƙalubalanci ra'ayinsa a kan tattalin arzikin mutanen dā, har yau ana ja-in-ja. Waɗansunsu sai da suka koma ga duwatsun nan suka sake karanta su kafin su yi masa gardama.