Mai Tara Agogo, Leƙa Akwatinka

Wannan watan da masu tara agogon hannu muke.

Da yawanmu da tsarabar Makka muka fara: Seiko 5, wanda ya fito a 1963, ba ruwansa da batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Daga nan mutum ya ƙara Casio F-91W, fitowar 1989, don zuwa aiki, sai Rado ko Citizen na ranar Sallah. Kafin shekara ashirin akwati ya cika.

To, a akwatin nan ake tafka asara. Agogon batir in ya tsaya aka ƙyale shi, batirin kan yi yoyo ya cinye injin. A cire shi tun da wuri. Mai aiki da motsi kuwa mansa ke bushewa, duk bayan kamar shekara biyar a kai wa mai gyara, ko da lafiyarsa ƙalau.

Tsohon Seiko na kasuwa fa sai an yi hattara, da dama fenti aka sake wa fuskarsu. Juya bayansa ka duba lambar ƙira: alƙalamin farko ƙarshen shekara ne, na biyu wata. In mai sayarwa ya rantse na 1974 ne, dole ta fara da 4.