Takardar Lafiyar Mota da Motar da Ba a Gani Ba

Daga cikin takardun da doka ta ɗora wa mai mota a Najeriya ya riƙa sabuntawa, akwai guda ɗaya da ta sha bamban da sauran wajen manufa, ita ce takardar shaidar lafiyar mota, wato takardar da ke tabbatar da cewa wani jami'i mai horo ya duba motar da idonsa, ya gwada birkinta da sitiyarinta da fitilunta, ya kuma gamsu cewa hawanta kan titi ba zai jefa ran kowa cikin haɗari ba. Lasisin mota kuɗi ne da ake biyan gwamnatin jiha domin izinin amfani da hanya, inshora kuwa yarjejeniya ce ta biyan diyya bayan ɓarna ta auku, amma wannan takarda shaida ce, kuma a shari'a da a al'ada shaida ba ta inganta sai daga bakin wanda ya gani. Abin da ya sa wannan shafi ya ɗauko maganar a wannan mako shi ne, a garuruwa da dama takardar tana fitowa da hatimi da sa hannu alhali motar da take magana a kanta tana ajiye a ƙofar gida ko tana lodi a tasha, babu wanda ya buɗe bonet ɗinta, balle ya leƙa ƙarƙashinta.

Kafin a kai ga laifin kowa, ya kamata a fara warware ruɗanin da ke tattare da tambayar da mai mota kan fara yi, wato ina ne ma ake zuwa. Duba lafiyar mota aikin jihohi ne, kuma masu yin sa su ne jami'an duba motoci da jama'a suka fi sani da VIO, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ko ta ayyuka a kowace jiha, a Abuja kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Babban Birnin Tarayya mai hedikwata a Mabushi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, hukuma ce ta tarayya da ta fi mayar da hankali ga sintiri a manyan hanyoyi da lasisin tuƙi da lambobin mota, yayin da hukumomi irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna aka kafa su domin tsara zirga-zirga a cikin gari. Saboda haka wanda ke neman inda za a duba masa mota, ofishin jami'an duba motoci na jiharsa zai nufa, ko cibiyar gwaji da jihar ta amince da ita, kuma ofishin da ake sabunta lasisin mota shi ne wuri mafi sauƙi da zai sami kwatance. Wa'adin takardar wata 12 ne ga motar hawa ta gida, wata 6 kuma ga motar haya, domin motar da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Maiduguri tana cin tafiyar da motar gida ba ta ci a shekaru, kuma rayukan da take ɗauka sun ninka.

Yadda wannan tsari ya lalace ba ɓoyayyen abu ba ne ga duk wanda ya taɓa sabunta takardu. Mai mota yakan miƙa tsofaffin takardunsa da kuɗi ga ɗaya daga cikin dillalan da ke zama a bakin ofishin lasisi, ya tafi harkokinsa, da yamma ko washegari a kawo masa lasisi da inshora da takardar lafiya a manne wuri guda. A wurinsa takardar kariya ce daga tsayarwa a shingen bincike, a wurin hukuma kuma hanya ce ta kuɗin shiga, don haka ɓangarorin biyu suka sami abin da suke so, motar kaɗai aka bari a baya. Wannan sakaci ya fi muni idan aka yi la'akari da irin motocin da ke kan hanyoyin ƙasar, waɗanda mafi yawansu na hannu ne da aka shigo da su ta tashoshin ruwan Legas ko ta Kwatano bayan sun ƙare ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka, kuma kayan gyaransu, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, da yawansu na gwanjo ne. Mota mai shekaru da ake riƙe da ita da kayan da suka riga suka yi aiki a jikin wata motar ita ce ta fi kowace buƙatar idon gwani a kai a kai.

Gwajin kansa, inda ake yin sa yadda ya kamata, ba ya cin lokaci mai yawa, kuma ganin yadda yake gudana ya isa ya nuna abin da ake asara idan aka tsallake shi. Ana fara daidaita lambar da aka buga a jikin firam ɗin motar da wadda ke cikin takardu, sannan a hau da tayoyin gaba kan wasu manyan ƙarafa biyu masu juyawa da aka binne a daɓe, waɗanda ke juya tayoyin yayin da direba ke taka birki a hankali, na'ura kuma tana auna ƙarfin kamun kowace taya dabam. Abin da ake nema a nan shi ne daidaito tsakanin dama da hagu, domin idan birkin ɓangare ɗaya ya fi na ɗayan kamawa, direba ba zai ji komai ba a cikin cunkoson gari, amma ranar da ya taka birki da ƙarfi a kan babbar hanya motar za ta fizge zuwa ɓangaren da ya fi kamawa, ta bar hannunta. Daga nan sai a tsayar da motar a kan rami, jami'i ya sauka da fitila ya girgiza gaɓoɓin da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba don ya ji ko sun saki, ya bi bututun man birki da ido ko akwai ɗigo, ya duba tsatsar da ta ci firam. A ƙarshe a auna saitin manyan fitilu, saboda fitilar da ta kalli sama tana makantar da mai tahowa, a kuma auna hayaƙin da ke fita daga salansa. Duk waɗannan cututtuka ne da ba a ganinsu daga waje, kuma fenti mai sheƙi ba ya faɗin komai game da su.

Taya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita kaɗai ce ke haɗa mota da ƙasa, kuma ita ce aka fi sayen ta hannu. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi da ke ƙarewa da lambobi huɗu, biyun farko suna nuna makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe kuma shekarar, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a yi tafiya da ita ba, tana bushewa tana tsattsagewa daga ciki, shi ya sa taya za ta iya zama da zane mai zurfi amma ta fashe a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu, musamman idan mai faci ya cika mata iska fiye da kima kuma an yi wa motar lodin da ya wuce ƙarfinta. FRSC ta daɗe tana gargaɗi game da tsofaffin tayoyi, kuma fashewar taya da shanyewar birki suna cikin jerin dalilan haɗari da take bayyanawa a rahotanninta. Direban da ya san karanta waɗannan lambobi huɗu ya riga ya mallaki wani yanki na ilimin jami'in bincike, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a duba su.

Kwatanta wannan hali da na Birtaniya yana da amfani saboda tsarinsu ya nuna inda gyaran yake. A can an fara gwajin da ake kira MOT, sunan da ya samo asali daga tsohuwar ma'aikatar sufurin ƙasar, a shekarar 1960, kuma da farko motocin da suka haura shekara 10 kaɗai ya shafa, ana duba birki da fitilu da sitiyari, kafin a sauko da shi zuwa shekara 3 a 1967. Yau kusan duk motar da ta cika shekara 3 sai an gwada ta sau ɗaya a kowace shekara, gwamnati ta ƙayyade mafi yawan abin da za a caji mai ƙaramar mota a kan fam 54.85, wanda aka kama yana tuƙi ba tare da takardar ba kuma tararsa na iya kai wa fam 1,000. Abin lura shi ne gwamnati ba ta ce sai a harabarta za a yi gwajin ba, ta ba gareji-gareji masu zaman kansu sama da 20,000 izini, kowanne da shuɗin allo mai alamar dala uku farare, ta horar da masu gwajin, tana kuma ƙwace izinin duk wanda ya yi maguɗi. Sakamakon kowace mota yana shiga rumbun bayanai na ƙasa, inda mai son sayen mota zai rubuta lambarta a intanet ya ga tarihin faɗuwarta da cin gwajinta da nisan da ta yi. Kusantar wurin gwaji da wahalar yin ƙarya su ne suka riƙe tsarin tsawon waɗannan shekaru.

A gida ma an fara motsi. Jihar Legas ta kafa cibiyoyin gwaji masu aiki da kwamfuta, kuma daga Janairun 2022 ta fara aiwatar da ƙa'idar cewa babu takardar lafiya sai an kawo motar an gwada, ta yadda wanda ya biya kuɗi takardar turawa zuwa cibiya ake fara ba shi. A Abuja kuwa, a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta ba jami'an VIO na birnin ikon tsayar da motoci a hanya ko kama su ko cin direbobi tara. Direbobi da yawa sun karɓi hukuncin da murna, kuma suna da dalili, amma darasin da ke cikinsa ya wuce sauƙin da aka samu a kan titi. Jami'in da aka horar domin gane birkin da ya mutu, wurin aikinsa na asali shi ne bakin ramin gwaji, kuma shekarun da aka shafe ana ganinsa a mahaɗar hanya yana karɓar takardu sun sa jama'a sun manta da abin da sunan aikinsa yake nufi.

Akwai masu cewa tilasta gwaji a wannan lokaci na tsadar man fetur ƙarin nauyi ne a kan talaka, cewa zai buɗe sabuwar ƙofar cin hanci, kuma gudun wuce kima da lalacewar hanyoyi sun fi lalacewar mota kashe mutane. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin alƙaluman FRSC kansu suna sanya gudu a sahun farko na dalilan haɗari, kuma direban haya da abin da ya samo yau shi zai ci yau ba zai so ya rasa wuni guda a layi ba. Sai dai kuɗin takardar ana biyan sa tuni, abin da ba a samu shi ne aikin da aka biya dominsa. Haka nan gudu da ramukan hanya su ne ainihin wuraren da lafiyar mota ke raba tsakanin tsira da mutuwa, tunda a lokacin da rami ya bayyana kwatsam birki da taya da sitiyari ne ke amsawa. Kuma wanda ya fi kowa cutuwa daga motar da ba a duba ba shi ne talakan da ake cewa ana tausaya wa, wato fasinjan da ya biya kuɗin kujera a tasha ba tare da yana da hanyar sanin shekarun tayar da za ta ɗauke shi ba.

Abin da ya rataya a wuyan jihohi a fili yake. Su wallafa jerin cibiyoyin gwaji da adireshinsu da kuɗin da aka ƙayyade, a kafa su a allunan ofisoshin lasisi da tashoshin mota, a kuma sanar da su a rediyo da Hausa. Su kai gwajin kusa da mutane ta hanyar ba ƙwararrun kanikawa izini bayan horo da sa ido, su riƙa tura na'urorin tafi-da-gidanka zuwa ƙananan hukumomin da ke nesa da babban birni, domin ba daidai ba ne a ce mai mota a ƙauye sai ya yi tafiyar rabin wuni kafin ya cika doka. Su haɗa fitar takarda da sakamakon na'ura ta yadda babu hannun da zai iya buga ta ga motar da ba ta zo ba, su kuma ba wanda motarsa ta faɗi wa'adin gyara da damar sake gwaji ba tare da sabon biya ba. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke da iko a kan wace mota za ta shiga layin lodi, suna iya yin abin da jami'in gwamnati ba zai iya ba idan suka hana lodi ga motar da wa'adinta ya wuce.

Shi kuma mai mota bai kamata ya jira duk wannan ba. Ya duba ranar da takardarsa za ta ƙare tun da sauran makonni, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ya biya wurin bakanikensa a gyara abin da ido ke gani, sannan ya tuƙa motar da kansa zuwa wurin gwaji ya tsaya ya ga abin da na'ura ta nuna. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya cika sai an riƙi sababi, kuma addu'ar da fasinjoji ke yi lokacin da mota ke fita daga tasha tana da haƙƙi a kan wanda ke riƙe da makullin. Duk wanda ya karɓi takardar da ke cewa an duba motarsa alhali ya san ba a duba ba, ya yarda a rubuta shaidar zur da sunansa, kuma waɗanda za su ɗanɗana sakamakonta su ne iyalinsa da ke kujerar baya da mai tafiya a ƙafa da ke tsallaka hanya yana kyautata zaton motar za ta tsaya.