Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamandojin Rundunar Haɗin Kai

Ranku ya daɗe,

Tun 2009 yaranku ke fafatawa da Boko Haram a Borno da Yobe. Wani ya binne abokansa da hannunsa, ya dawo bariki barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga mutane, ya fara rabar da kayansa. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma soja ba ya buɗe cikinsa ga na gaba da shi, don gudun a ce ya karaya.

Rundunar sojan ƙasa tana da sashen harkokin Musulunci da sassan limaman Katolika da Furotesta. Ina roƙonku ku jawo su jiki, kada aikinsu ya tsaya ga jana'iza. Ku ba liman da fasto damar keɓewa da soja, kada ku matsa musu su tona asirinsa. Ku tsara gadi yadda mai azumi zai sha ruwa a kan lokaci, mai Juma'a da mai Lahadi su sami ibada. Idan soja ya ambaci kashe kansa, ku karɓe bindigarsa cikin mutunci, ku haɗa shi da likita ranar nan.

Allah ya tsare ku, ya maido mana yaranmu lafiya.

Naku,
Ɗan ƙasa mai yi muku addu'a