Ba Awara Ke Kashe Matanmu Ba

Kwanakin baya na tsaya a tashar mota ta Gaya wurin wata dattijuwa da na saba sayen awara a hannunta, sai na tarar da tirenta cike, ga rana ta yi tsaka. Da na tambaye ta abin da ya faru, ta ce mini: "Ɗana, wai an aiko da murya a WhatsApp, an ce awara na sa mata ciwon daji a nono. 'Yan matan da ke saye duk sun gudu." Matar nan da awara take ciyar da marayu. Na biya, na ci, na tafi, amma zancen bai bar ni ba, domin a cikin danginmu mun binne mace saboda wannan ciwo, kuma na san ba awara ta kai ta kushewa ba.

Ji-ta-ji-tar ba daga sama ta faɗo ba. Akwai guntuwar gaskiya a ƙarƙashinta, kuma ya kamata mai karatu ya san ta kafin ya yanke hukunci. A jikin kowace mace akwai wani sinadari da likitoci ke kira istirojin, wanda mafi yawansa daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa. Shi ne ke sa nono ya tsiro wa budurwa, shi ne kuma ke da hannu a tsarin jinin al'ada. Tun a shekarar 1896 wani likitan fiɗa na birnin Glasgow, George Beatson, ya ba da labarin cewa ya cire ma'ajiyar ƙwai ga matan da dajin nono ya ci ƙarfinsu, ƙarin wasunsu ya ja da baya. A 1958 Elwood Jensen na Amurka ya gano dalili: a cikin ƙwayoyin halittar nono akwai wata irin ƙofa mai kwaɗo, istirojin kuwa shi ne mabuɗinta. Daji mai irin wannan ƙofa, da istirojin yake ƙiba.

To, ina ruwan waken suya? A shekarun 1940 makiyayan yammacin Ostareliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa, bincike ya nuna wata ciyawa ce da suke ci take ɗauke da sinadari mai kama da istirojin. Daga baya aka samu danginsa a waken suya. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Amurka suka dasa wa ɓeraye dajin nonon mutum, suka ciyar da su da tataccen sinadarin, ƙarin ya girma. Daga wannan gwaji tsoron ya samo asali, ya yi ta yawo a duniya har ya iso wayoyinmu, bayan masu ilimin sun daɗe da wuce wurin.

Sun wuce ne saboda mace ba ɓera ba ce, kuma jikin ɓera ba ya sarrafa wannan sinadari yadda jikin mutum ke yi. An kuma gano a 1996 cewa ƙofofin iri biyu ne, na wake ya fi son ta biyun, ƙarfinsa ma bai kai kusa da na jikin mace ba. Sai aka koma ga mutane. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi diddigin mata 5,042 waɗanda aka riga aka same su da dajin nono, sakamakon ya fito a 2009: waɗanda suka fi cin abincin waken suya, mutuwa da komowar ciwon sun fi ƙaranci a cikinsu. Ba na cewa awara magani ce, domin irin wannan bincike ba ya tabbatar da haka. Abin da nake cewa shi ne, an nemi laifinta a wurin da ake cin wake tun kaka da kakanni, ba a samu ba.

Na san ma'aikata masu sauraron rediyon Faransa za su tuna mini cewa a 2025 hukumar lafiyar abinci ta can, ANSES, ta ba da shawarar a daina raba abincin waken suya a wuraren ciyar da jama'a kamar makarantu. Gaskiya ne. Amma damuwarta a kan yawan ci ne da abin da zai iya yi wa tsarin haihuwa, musamman a kayan masana'anta masu yawan sinadarin, kuma ita da kanta ta nuna cewa jiƙa wake da wanke shi na rage shi. Duk wanda ya ga ana yin awara ya san sai an jiƙa, an niƙa, an tace, an dafa, an matse ruwan an zubar. A garin da kilon nama ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, hana yaro awara ta dala ashirin ba kariya ba ce, ƙwace masa abin gina jiki ne.

Idan ana neman abin tsoro, a bar tiren dattijuwa a dubi teburin mai tallar magani. Gaya gari ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta gada zuwa Malanbil, ɗaya ta hanyar Kamba, kuma abin da ba ya shigowa ta cikinsu sai wanda ba a ƙera ba. Ga man shafawa na ƙara nono, ga ƙwayoyin ƙiba, ga gari a leda da ruwa a gora, wasu da rubutun da ba mai iya karantawa a cikinmu, wasu ba rubutun ma. Mai sayarwa ya rantse maka cewa "na itace ne, ba ya illa". Ƙarya ce a ce duk abin da ya fito daga itace lafiyayye ne. Tumakin Ostareliya ma ciyawa suka ci. Abin da aka tatsa aka tattara a ƙwaya ba ɗaya yake da abinci ba, balle abin da ba wanda ya san me aka zuba a ciki.

A dubi abin da ya faru ko da maganin da likitoci suka rubuta da hannunsu. A Amurka an gwada haɗin istirojin da wani sinadari ɗan'uwansa a kan mata 16,608 da suka daina al'ada. A watan Yuli na 2002 aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin dajin nono ya ƙaru da kashi 26 cikin 100 ga masu sha. Can ana da awo, ana da lissafi, shi ya sa aka gani aka tsaya. Mu wa ke lissafa mana abin da budurwa ke shafawa kafin biki? Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Lome ta Janairun 2020 kan yaƙi da jabun magunguna. Muna roƙon ma'aikatan duwan da na lafiya a Gaya su nuna mana wannan sa hannu a kasuwa, ba a takarda kaɗai ba. 'Yan kasuwa kuma, ku ji tsoron Allah: ribar da za ta taɓa lafiyar 'yar wani, wata rana a gidanka za ta kwana.

Amma ko teburin mai talla ba shi ne babban makashi ba. Babban makashi shi ne jinkiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an samu mata miliyan 2.3 da wannan ciwo, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na kaiwa shekara biyar bayan an gano shi. A Afirka ta Kudu, wadda ta fi mu asibitoci nesa ba kusa ba, 40 ne kacal. Kundin ƙidayar masu ciwon daji na Yamai, wanda aka buɗe a 1992, ya nuna dajin nono ne kan gaba a cikin matanmu. Ita 'yar'uwarmu da na ambata, ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ta yi shiru don kunya. Da ta faɗa, aka ce daji ba ya son ƙarfe, kada a bari allura ko wuƙa ta taɓa shi. Aka yi ta shafe-shafe da hayaƙi har nono ya fashe. Ran da muka kai ta asibiti, ran wanka ne, ba a ɓoyon cibi, amma lokaci ya riga ya ƙure.

Abin takaicin shi ne, binciken istirojin ɗin nan da ake tsoratar da mu da shi, shi ne ya haifar da ɗaya daga cikin magunguna mafi araha na wannan ciwo. Tamoxifen, wanda aka amince da shi a Ingila a 1973, ƙwaya ce da ke toshe ƙofar nan don kada mabuɗi ya shiga. Mace mai daji irin mai ƙofa, idan ta sha shi shekara biyar bayan fiɗa, haɗarin mutuwarta daga ciwon na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wadda dajinta ba shi da ƙofar kuwa, ba abin da zai yi mata. Ke nan sai an yanki tsokar ƙarin an auna kafin a san wa za a ba. A 2009 wani bincike ƙarƙashin Farfesa Olufunmilayo Olopade a kan matan Nijeriya da Senegal ya samu kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙofar. Binciken da ya biyo baya ya nuna adadin ya fi haka idan an adana tsokar yadda ya kamata, domin tsokar da ta daɗe a hanya ko ba a jiƙa ta da wuri a ruwan adanawa ba, tana iya ba da amsar ƙarya. Ma'ana, sakacin kwalba ɗaya na iya hana mace maganin da zai raya ta.

Nan ne ya kamata mu ɗaga murya. Tun 2007 gwamnati ta fitar da dokar da ta ce maganin ciwon dajin mata kyauta ne. A 2021 an buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Yamai. Madalla. Amma daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, kuma dokar ba ta biya wa mace kuɗin mota, ko masauki, ko abincin mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a 2021: a gano aƙalla 60 cikin 100 tun ciwon yana matakin farko, a kammala awo cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su gama magani. Muna son kowace ungozoma a gundumar Gaya ta iya duba nono ta kuma san inda za ta tura. Muna son a riƙa ɗaukar tsoka a Doso, a adana ta daidai, amsa ta dawo wa mai ita ba sai ta sayar da akuyarta ta bi sawu ba. Muna son tamoxifen na gaskiya a farmasin asibiti, kada mace ta neme shi a bakin iyaka inda ba a bambanta tsaba da tsakuwa.

Iyayenmu mata na da garkuwa guda da suka gada: shayarwa. Wani babban nazari na 2002 da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30 ya nuna kowace shekara guda ta shayarwa na rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100. A riƙe ta, amma ragewa take yi, ba hanawa ba. Mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

Saura ku, magidanta. Mafi yawan matanmu ba su fita asibiti sai da izini da kuɗin miji. Ɗan kasuwar da ba ya barin motarsa ta kwana da ƙara a inji, kada ya bar matarsa ta shekara da ƙullutu a ƙirji. In ta ce ta ji wani abu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, gobe da safe a kama hanyar asibiti. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma likita ne zai faɗa, ba maƙwabciya ba. In kun dawo, ku biya tasha ku sayi awara wurin dattijuwar nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.