Abin da Kalila da Dimna ya koya mana game da hikimar wasu

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin iyaye da malamai, har da wasu marubuta, cewa yaron da ya ƙwallafa rai a kan littattafai da finafinan wasu ƙasashe ya kama hanyar rabuwa da al'adarsa. Ban raina wannan fargaba ba, domin duk mai 'ya'ya ya san irin abin da waya take shigowa da shi cikin gida. Sai dai ina ganin ana cuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Haɗiye duk abin da aka miƙo maka cuta ce, amma sanin darajar hikimar wasu al'ummu aikin masu hankali ne, kuma magabatanmu sun yi shi. Shi ya sa a makon nan nake so mu bi sawun littafi guda, Kalila wa Dimna, wanda ɗaliban Larabci da yawa suka sani.

Asalinsa daga Indiya ne, an rubuta shi da harshen Sanskrit, sunansa Panchatantra. An ce wani malami mai suna Bishnu Sharma ne ya tsara shi don ya koya wa 'ya'yan wani sarki su uku dabarun mulki ta bakin dabbobi. Sarkin Farisa, Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, shi ne ya tura likitansa Barzawaihi zuwa Indiya, likitan ya dawo da littafin, ya juya shi zuwa tsohon harshen Farisa. Wannan fassarar ta ɓace. Wadda ta yaɗa littafin a duniya ita ce ta Abdullahi Ibn Muƙaffa, magatakarda ɗan asalin Farisa da ya zauna a Basra, wanda ya mayar da shi Larabci wajen shekara ta 750.

A kan Ibn Muƙaffa nake so mu ɗan dakata. Babban labarin littafin na zaki ne, sarkin daji, da wani sa da ya ɓace wa ubangidansa. A fadar zakin akwai diloli biyu 'yan'uwa, Kalila da Dimna. Dimna mai son girma ne. Shi ya kawo san gaban zaki don ya samu shiga, amma da ya ga amincin da ke tsakaninsu ya yi ƙarfi har an manta da shi, sai hassada ta kama shi. Ya je ya ce wa zaki sa na shirin cin amanarsa, ya koma ya ce wa sa zaki na shirin cinye shi. Kalila ya yi ta yi masa nasiha, bai ji ba. Ƙarshe zaki ya kashe amininsa. A littafin Indiya, nan labarin ya tsaya, munafuki ya ci riba ya zauna daram a fada. A na Larabci kuwa akwai wani babi na musamman, wanda masana suke ganin Ibn Muƙaffa ne ya ƙara shi. A cikinsa damisa ta ji abin da dilolin suke faɗa, ta sanar da mahaifiyar zaki, aka gurfanar da Dimna gaban shari'a, aka kawo shaidu, aka yanke masa hukuncin kisa.

Wannan ƙarin yana burge ni ƙwarai. Mutumin bai ce tun da littafin na mabiya addinin Hindu ne ba zai taɓa shi ba. Bai kuma kwafe shi ido rufe ba. Ya karanta, ya ga hikimar da ke ciki, ya ga inda zuciyarsa ba ta yarda ba, ya gyara da alƙalaminsa. Ya san zaman fada da hatsarinsa, domin shi kansa kashe shi aka yi a Basra 'yan shekaru bayan haka, a zamanin Halifa Mansur.

Daga Larabcin nan littafin ya bazu. A 1251 aka fassara shi zuwa harshen Sifaniyawa bisa umarnin yarima Alfonso, a 1570 Thomas North ya fitar da shi da Ingilishi, sannan a 1678 mawaƙin Faransa La Fontaine ya faɗa da bakinsa cewa yawancin sababbin tatsuniyoyinsa daga malamin Indiya mai wannan littafi ya samo su. Ba wanda ya ce Faransanci ya lalace saboda haka.

Mu ma muna da namu Ibn Muƙaffa. Lokacin da Abubakar Imam ya bar koyarwa a Katsina ya je Zariya wajen Rupert East don rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na gabashin duniya. Masu nazarin adabi sun bi sawun labaran da yawa zuwa Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus da makamantansu. Hatta akun da ke ba da labari a littafin yana da ɗan'uwa a Indiya da Farisa, inda wani aku yake riƙe matar ubangidansa da hira kowane dare don kada ta fita wajen wani namiji. A hannun Imam sai ya zama akun da yake riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ya yi abin da gwanin tela yake yi, ya sayo yadin waje ya ɗinka babbar riga. Yau wa zai ce Magana Jari Ce ba namu ba ne? Haka Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo wasan Shakespeare a Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi daga littafin George Orwell.

Abin da yake damuna shi ne halin da muke ciki yanzu. Sha'awar labarin wasu ƙasashe ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa. Dubi yadda matasa suke cika shagunan tura finafinai suna karɓar na Indiya da na Turkiyya da aka ɗora wa muryar Hausa. Amma wa yake zaɓa musu? Kasuwa ce take zaɓa, ita kuwa abin da zai fita da sauri take nema. Littafi, wanda yake buƙatar mutum ya zauna wata da watanni yana auna kowace jimla, shi ne aka bari a baya. Ga Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya rubuta rayuwar lungunan Alƙahira ta yadda duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zinder zai gane mutanen ciki. Ga Ɗayyib Salih na Sudan, da littafinsa na 1966 a kan ɗan ƙauye da ya je karatu Ingila ya dawo da rauni a zuci. Ga Tagore na Indiya, da ya ci Nobel tun 1913. Irin waɗannan nake so in ga ɗan sakandare yana karantawa da Hausa mai daɗi.

Kuma ba mu rasa masu iyawa ba. Muna da ɗaruruwan da suka yi karatu a Azhar da Khartum da Madina, 'yan'uwanmu na Nijar kuma sun riƙe Faransanci. Kirana ga sassan Hausa da Larabci da Faransanci na jami'o'inmu, daga Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo har zuwa Abdu Mumuni ta Yamai, shi ne su ɗauki fassarar adabi a matsayin aikin ilimi cikakke, a ba ɗalibi damar samun digiri da ita. Masu buga littattafai su biya mai fassara haƙƙinsa, attajiranmu kuma su ɗauki nauyin ko da littafi ɗaya a shekara. Ku kuma iyaye, idan kun ga yaro da littafin wata ƙasa, kada ku ƙwace. Ku karɓa ku karanta tare da shi, ku tambaye shi inda ya yarda da marubucin da inda bai yarda ba.